Rigar da Aka Ɗinka da Rufin Coci

Shekara talatin da takwas Finola Culhane ta yi tana hawa matakalar ofishin Mulqueen da Pomeroy, masu zanen gini a birnin Limerick na ƙasar Ireland, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa zana ko da ƙofar kicin daga kanta ba. Aikinta kwafa ne. Maigida ya yi zanensa da fensir a takarda, ita kuma ta shimfiɗa ƙyallen lilin a kai, wanda aka dama wa sitati har ana hango abin da ke ƙarƙashinsa, ta bi layi-layi da alƙalami. Baƙar tawada ta gini ce, ja ta awo. In ta gama, takardar maigida ta zama abin hura wuta, ƙyallen ne asali, daga shi ake buga kwafin da ake kai wa magina. Akwai masu raina wannan aiki, amma duk cikinsu babu wanda ya taɓa jan layi mai tsawon ƙafa biyar yana riƙe da numfashinsa don kada hannu ya motsa.

Mutanen biyu sun haɗa ofis tun 1898, kuma duk garin ya san dalilin haɗin. Mulqueen ɗan Katolika ne, Pomeroy kuwa Furotesta. In bishop zai gina coci ko gidan sistoci, Mulqueen ne zai goge takalmi ya je ya sumbaci zoben bishop ɗin. In masu banki ne ko masu kamfanin madara, Pomeroy ne zai je a sha shayi da shi. Haka suka raba garin kamar yadda ake raba burodi, babu wanda ya ji haushin wani. Abin da garin bai sani ba, wanda kowa a ofishin ya sani ya kuma kama bakinsa, shi ne Mulqueen bai iya rufi ba. Ba shi da na biyu a fuskar gini, ginshiƙai da tagogi da matakala. Amma duk wani rufin coci da aka yaba masa, har aka ambaci sunansa a huɗuba, Pomeroy ne ya zana shi a ɗakin baya da ƙofa a rufe.

Finola ta shigo tana da shekara goma sha bakwai, kuma tun makon farko abin ya shige ta. Takan bar hanyar gida ta zaga ta gaban bankin da ke kusa da gada, ta tsallaka titi don ta gan shi gaba ɗaya, ta tsaya a cikin yayyafi tana ƙirga tagogi. Wannan layin da ta ja da alƙalami mai tsinin allura, ga shi ya zama dutse, tattabaru na kwana a kai. Mutane na shiga suna fita, babu mai ɗaga kai. Mu 'yan Limerick haka muke, ruwan sama ya koya mana kallon ƙasa. Ita kuwa har ta tsufa ba ta daina mamakin yadda abin da ya fito daga kan mutum biyu, ya bi ta hannunta, zai tsaya a bakin titi ya fi su daɗewa duka.

A 1926 aka ba ta babban ƙyalle na farko, rufin cocin Kilmoyna, wani ƙauyen masunta can bakin teku a yammacin gundumar Clare. Faɗin cocin ƙafa arba'in da biyu ne, kuma Pomeroy ya ƙetare shi da bakuna na katako ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba, ba ƙusa, sai turakun itace. Kwana goma sha ɗaya ta yi a kai. Da ta gama ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Mis Culhane, ba laifi." Bai sake yaba mata haka ba sai bayan shekara tara. Cocin kuwa ba ta je ta gani ba. Lahadi kaɗai take hutu, ga uwa a kwance, ga Kilmoyna ba kusa ba.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, yadi ya zama sai da katin rabo na gwamnati, kuma ko da katin ba a samu. Duk mai aiki a ofishin zane ya san sirrin ƙyallen nan: in ka tafasa shi sau uku, sitati ya fita, tawada ta bi ruwa, sai ka samu lilin mai laushin da babu irinsa a kanti. Mulqueen ya ba ma'aikata izinin kwashe na ayyukan da ba a taɓa ginawa ba. Kafin wata biyu duk sun zama hankici da rigar filo. A bazarar 1943 Gretta, ƙanwar Finola, ta haifi 'yarta ta fari, babu abin da za a sa wa jaririyar ranar baftisma. Finola ta buɗe aljihun ƙasa na kabad, inda manyan ƙyallaye suke, wanda izinin bai kai can ba. Ta ce wa kanta ai an riga an gina cocin, yana tsaye, wa zai sake tambayar zanensa. Ta naɗe shi ta sa a ƙarƙashin kwat. Baƙar tawadar ta fita tas. Jar ce ta ƙi, ta bar wata inuwa kamar tabon shayi, sai ta juya wannan gefen ya zama shafin ciki. Rigar ta yi kyau har makwabta suka riƙa aro, kuma Finola ba ta gaya wa kowa daga wane aljihu ta fito ba.

Shekara goma sha takwas abin yana kwance. Mulqueen ya rasu a 1950, aiki ya koma hannun samari masu son kankare da gilashi, ofishin ya rage daga Finola sai Pomeroy, wanda ke zuwa Talata da Juma'a ya zauna kusa da murhu don ya saba. A watan Satumba na 1961 guguwa ta taso daga teku, ta ɗaga rufin Kilmoyna ta watsar da shi a gonaki. Bayan kwana tara wasiƙar Fada Hanrahan, limamin cocin, ta iso. Finola ce ta karanta wa maigidan, don idonsa ya tafi. Fada ya ce in akwai zanen asali, akwai kafintan da zai iya mayar da rufin yadda yake. In babu, injiniya ya kawo shawarar a ɗora ƙarfe a buga silin shafaffe, kuma dole a yanke magana kafin ƙarshen Oktoba, don ruwa na cin bango.

"Silin," in ji Pomeroy, kamar an sa masa abu mai ɗaci a baki. "Ɗauko mana ƙyalle mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, Mis Culhane. Aljihun ƙasa."

Ta tashi, ta je har gaban kabad ɗin, ta tsaya. Mace mai shekara hamsin da biyar, wadda ba ta taɓa ɗaukar ko fensir na ofis ba in ban da wannan. Da za ta ce ɓera ya ci, ko danshi ya lalata, da ya yarda, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Kunya ta rufe ta. Ta dawo ta tsaya a gabansa.

"Yallaɓai, babu shi. Ni na ɗauka, lokacin yaƙi. Na tafasa shi na ɗinka rigar baftisma."

Ya gyara zama a kujerarsa.

"Yara nawa suka sa ta?" in ji shi.

"Ashirin da uku, da na makwabta."

"Ashirin da uku." Ya shafa gemunsa. "Shekara talatin ina yi wa mutanenku rufi a ɓoye, ashe har tela na zama ban sani ba." Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Can ya ce, "Siffar tana kaina, zan iya gaya miki ita ina barci. Awon ne ya gudu. Kaurin kowane katako, inda kowane baka ya karya. In aka kuskure inci biyu, bangon zai buɗe kamar littafi." Ya juyo da fuskarsa wajenta. "Jar tawadar Mulqueen kika yi aiki da ita? Wadda yake sayowa mai arha? Matata ta mutu tana zaginta, ba ta taɓa fita daga hannun rigata ba."

"Ba ta fita ba, yallaɓai. Tana shafin ciki."

"To me kike jira?"

Abin da take jira Gretta ce. Ta same ta ranar Asabar da rana a kicin tana feraye dankali, yara sun fita. Rigar tana cikin akwati a saman kabad, a naɗe da takarda mai laushi, tana jiran jikoki. Finola ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba.

"A farke ta?" Gretta ta ajiye wuƙar. "Yaya, kin sha wani abu ne a hanya?"

"Zan mayar da ita yadda take."

"Ba za ki mayar ba, kin fi ni sani. Yadin ya tsufa, in kika taɓa ɗinkin zai bi hannunki. Saboda wa? Saboda wasu masu warin kifi da ba su san da zamanki ba? Su yi addu'a a ƙarƙashin silin mana, Allah ba ya jin ta ne sai da katako?"

"Ba nawa ba ne na ba ki, Gretta. Sata na yi."

"To ki je ki faɗa wa Fada a ɗakin tuba, ya ba ki addu'a uku ki huta. Declan ɗina a cikin rigar nan aka yi masa baftisma, kwana shida ya yi a duniya. Ita kaɗai ta rage min da ta taɓa jikinsa." Muryarta ta sauka. "Ke ba za ki gane ba. Kin auri tsofaffi biyu da kabad."

Maganar ta shiga, kuma Gretta ta ga ta shiga. Finola ba ta tashi ba. Ta zauna tana kallon tebur har ruwan tukunya ya tafasa ya fara zuba. Daga ƙarshe Gretta ta hau kujera, ta sauko da akwatin, ta dangwarar a gabanta.

"Ɗauki. In kin fita ki ja min ƙofa."

Gretta ta yi gaskiya. Da Finola ta sa tsinin almakashi, yadin ya riƙa bin zaren yana yagewa a hankali, kuma tun a hannun riga na farko ta san ba za a sake ɗinka shi ba. Ta ci gaba. Ƙyalle bakwai suka fito. Ta manna su a gilashin babbar tagar ofis, ta yi ta juya su har suka koma zaman da suke kafin almakashin 1943 ya raba su. Da hasken safe ya bugo ta baya, sai ga lambobin sun taso, ja-ja, dishi-dishi, da rubutun yarinya 'yar shekara ashirin mai yi wa lambar bakwai ƙugiya. Layukan babu ko ɗaya, amma da ta shimfiɗa sabon ƙyalle ta ɗora alƙalami, hannunta ya san hanya. Pomeroy na gefen murhu idonsa a rufe yana faɗin siffar, ita tana karanto masa awo daga taga. Wani lokaci ya ce, "A'a, ba haka na yi ba," ta ce, "Haka ka yi, yallaɓai, ga shi a wuyan riga," sai ya yarda.

Lambobi biyar sun tafi da guntayen da aka yanke aka zubar tun wancan lokaci, kuma babu inda za a same su sai a jikin bangon. Don haka a tsakiyar Oktoba ta shiga bas ta tafi Kilmoyna, karo na farko a rayuwarta.

Ta san ƙafa arba'in da biyu. Ta rubuta lambar ya fi sau ɗari. A teburinta faɗin cocin bai kai tsawon hannunta ba. Da ta shiga ta ƙofar yamma ta ga bango nan, bango can, sama a buɗe a tsakani, gajimare na wucewa, tsuntsayen teku na shawagi inda ya kamata mutane su ji ɗumi, sai ta tsaya cak. Duwatsun da bakunan suka zauna a kai suna nan a jere can sama, kowanne ya kai girman akwatin kaya, ita kuwa a wurinta ɗigo ne da take cikawa da tawada kafin ta tafi cin abinci. Tsoro ya kama ta, tsoron abin da wani tsoho mai tari ya yi ƙarfin halin ratayawa a kan kawunan mutane, da kuma abin da ita ta yi ƙarfin halin sawa a tukunya.

"Ke ce matar da ta dafa rufinmu?"

Mossie Quilty ne, kafintan, wani gajere mai faɗin kafaɗa wanda ya yi aikin rufin farko yana saurayi. Labarin ya riga ta isowa, don Fada Hanrahan ba ya iya riƙe magana.

"Ni ce."

"To ya yi daɗi? Ko gishiri bai ji ba?" Ya karɓi naɗin, ya shimfiɗa a kan benci, ya danne gefe da guduma. Wasan ya bar fuskarsa. Ya bi layukan da babban yatsa, yana gyaɗa kai. "Shi ne. Wallahi shi ne. Ga ma wurin da ya kusa cinye min yatsa." Ya dube ta. "Za ki iya hawa tsani, 'yar birni, ko in sauko miki da bangon?"

Ta hau, da siket ɗinta da takalmin ofis, iska na neman ɗauke ta, ta auna da hannunta don ba ta yarda da awon kowa ba. Fada ya ba su sharaɗi ɗaya: a haɗa baka guda a ƙasa bisa zanenta, a ɗaga. In ya zauna a tsofaffin duwatsun, a ci gaba. In bai zauna ba, injiniya na jira.

Mako biyu aka yi ana sassaƙa. Ranar ɗagawa Pomeroy ya sa aka kawo shi a mota, ya shiga cocin Katolika da hularsa a hannu, mutane na raɗa suna tambayar ko wane ne tsohon. Maza goma sha shida suka kama igiya. Bakan ya tashi a hankali, yana juyi, yana kuka irin na itace, har ya rufe musu hasken rana. Finola ba ta iya kallon sama ba, sai ta kalli Mossie, wanda ke kan bango da gudumar katako. Ƙafar bakan ta hagu ta zauna. Ta dama ta tsaya a bakin dutsen, ta ƙi shiga. Mossie ya tofa yawu a tafinsa, ya buga sau ɗaya, sau biyu, a na uku aka ji wani sauti mai nauyi ya bi bangon har ƙasa, har cikin tafin ƙafa.

"Ya zauna?" in ji Pomeroy.

"Ya zauna, yallaɓai."

"Na ji shi." Ya mayar da hularsa, ya tuna inda yake, ya sake cirewa. Ya rasu a watan Fabrairu, aka sauke allon tagulla mai ɗauke da sunayensu daga ƙofar ofis, ƙyallayen da suka rage Finola ta jera su da lamba ta miƙa wa ɗakin karatu na gari.

Gretta kuwa ba ta sake yi mata magana ba. In sun haɗu a coci ta gaishe ta da kai kamar baƙuwa. Kirsimeti ya wuce ba a aiko kiranta cin abinci ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun rasuwar uwarsu. Finola ta wanke ƙyallaye bakwai ɗin ta goge, ta mayar a akwatin, ta kai ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta sami rufin, ta rasa 'yar'uwa, kuma akwai ranakun da take zaune ita kaɗai da kofin shayi tana ganin cinikin bai yi ba.

A watan Yuni aka gama. Ba ta je bikin buɗewa ba, don ba ta son a nuna ta da yatsa. Ta bari sai wata Laraba, ta shiga bas ɗin safe. A tashar farko bayan gada wata mata ta hau da kwat ɗinta na Lahadi da jaka a hannu, ta wuce kujeru huɗu da babu kowa, ta zauna kusa da ita. Gretta ce.

"Kada ki ce min komai," in ji ta. "Zuwa zan yi in ga abin da ya fi ɗana."

Awa uku suka yi a hanya. A Kilmoyna babu kowa a cocin sai wata tsohuwa mai canza ruwan furanni. Ƙamshin sabon itace ya tare su tun daga ƙofa. Bakuna tara suka tashi daga bango, suka lanƙwasa, suka haɗu can sama inda ido ke gajiya, azara na bin su a jere kamar haƙarƙarin kwale-kwalen da aka kife, kuma babu abin da ke riƙe da su sai junansu. Ana jin teku a waje, a ciki kuwa ko kyandir ba ya motsi. Finola, da ta san kowane turke da sunansa da awonsa, ta nemi abin da ta sani ta rasa. Ta kama bayan benci.

Gretta ta taka har tsakiya, ta ɗaga kai. Ta daɗe a haka, har hularta ta zame ta faɗi a bayanta, ba ta juya ta ɗauka ba. Finola ta ga leɓenta na motsi, ta ɗauka addu'a take yi, sai da ta matso ta ji sunaye ne, na yaran, ɗaya bayan ɗaya, da na makwabta. Da ta zo kan Declan ta tsaya. Ta laluba gefenta ba tare da ta sauke ido ba, ta kama hannun rigar yayarta ta riƙe gam.

"Yaya," in ji ta a hankali, "ashe wannan muke ta sa wa yara."